Tafiyata Jos Da Wani Farin Dutse A Aljihu

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Jos ba, wata 'yar tsakuwa ce wadda girmanta bai wuce na dabino ba, fara tas kamar ruwa. Kawuna ne ya damƙa mini ita a ƙulle cikin ƙyalle. Wani baƙo ya zo masa da irinta cike da gwangwani, ya rantse lu'ulu'u ne, ya karta ɗaya a jikin kwalba ta yi zane. Har kawu ya ba da kafin alƙalami, yana shirin sayar da shanun nomansa biyu ya cika sauran. Da kyar na roƙe shi ya dakata mako guda.

Na tashi daga Abuja da asuba, muka bi ta Keffi da Akwanga. Sai a Hawan Kibo matafiyi ke sanin ya canja ƙasa: mota na nishi, kunne na toshewa, zafin da aka baro a ƙasa ya koma iska mai ratsa riga. Muka wuce duwatsun Riyom da ke ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su. Daga nan zuwa Bukuru ido ba ya rabuwa da tsibin jar ƙasa da manyan kududdufai, waɗanda baƙo zai ɗauka tafkuna ne na asali, alhali kuwa ramukan haƙar kuza ne.

Kuzar nan ita ta gina Jos. Don ita aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso a 1914, aka rufe ta a 1957. Don ita aka yi ɗiban gwamna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa zuwa wannan tudu, sanyi da yunwa suka hallaka da yawa. A cikin ramukanta aka tono gumakan yumɓu na Nok, waɗanda ake nunawa a gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya a 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, aka bar masu ƙaramin ƙarfi da ramukan loto.

Wanda aka kwatanta mini wani dattijo ne a bayan garin Bukuru, tsohon ma'aikacin wankin kuza, wanda tun da ya bar aiki ya mai da gyaran duwatsu abin ɗebe kewa. Ɗakinsa ƙarami ne, da faifan wasa dutse mai aiki da lantarki, da 'yar robar da ke ɗiga masa ruwa, da gwangwanaye jere kan katako. Bayan mun gaisa na kwance ƙyallen.

"Baba, an ce lu'ulu'u ne. Har ya yanka kwalba."

Ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ɗauko wani farin dutsen ƙanƙara daga bakin ƙofa, ya karta a jikin kwalba. Shi ma ya yi zane.

"To ɗana, in haka ne ƙofata da lu'ulu'u nake tokare ta."

Daga nan ya shiga yi mini bayani, ni kuwa na ga ya kamata mai karatu ya ji shi, domin da wannan dabara ta kwalba aka raba mutane da yawa da dukiyarsu. A 1812 wani masani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma bisa taurinsu, daga 1 zuwa 10, kowane yana iya kartar na ƙasa da shi. Gilashi yana wajen 5 da rabi. Dutsen ƙanƙara, watau kwaz, yana 7, yaƙutu 9, lu'ulu'u 10. Ashe duk abin da ya kai 6 zai zana kwalba.

Ya sa madubin ido ya daɗe yana juya tsakuwar. Launi, in ji shi, shi ne babban maƙaryaci, domin dutse ɗaya yakan zo da launi biyar, duwatsu biyar kuma su zo da launi ɗaya. Sa'an nan ya goga ta a kan dutsen ƙanƙara, ta bar zane. Ya share da yatsa mai yawu don ya tabbata ba garinta ba ne ya zuba, zanen bai fita ba. Ta fi 7 ke nan. Zuciyata ta ɗan harba, ba zan ɓoye ba.

Sai ya jawo ƙaramin sikeli. A iska ta yi giram 7. Ya ɗaure ta da zare ya nutsa ta cikin kofin ruwa, ta koma giram 5. Ya ce in raba 7 da abin da ya ragu, watau 2. Na ce 3 da rabi. Ma'anarsa ta ninka ruwa mai girmanta nauyi sau 3 da rabi. Da kwaz ce ko beril, dangin akwamarin, da ba ta kai 3 ba. Ya dube ni ya ce, "Lu'ulu'u ma nauyinsa ke nan."

Na yi shiru. Ya bar ni cikin wannan hali har ya gama kurɓar shayinsa, abin da har yau nake ganin da gangan ya yi. Kana ya ɗauko wani guntun shuɗin yaƙutu marar kyau, irin wanda ake samu a kudancin Kaduna, ya nemi gefen tsakuwar da ba zai ɓata ta ba, ya karta. Yaƙutun ya ci ta. Da ya juya ya goga ta a kan yaƙutun, ko alama ba ta bari ba. Lu'ulu'u kuwa babu dutsen da ke cinsa sai ɗan'uwansa. Daga ƙarshe ya nuna mini ƙasanta, inda ta tsage sumul kamar an yanka sabulu da reza.

"Tofaz ne. Taurinsa 8. Da muna wankin kuza shi muke tsincewa mu zubar."

Ya buɗe wani tsohon gwangwanin madara, sai ga irinta fal. Dutsen da ya haifi kuzar Filato shi ne ya haifi tofaz, shi ya sa ake samun su tare cikin yashin rafi. Farinsa ba shi da tsada, a kan auna shi da kilo ne. Akan kai shi ƙasashen waje a haska masa wani irin haske mai ratsa jiki, a gasa shi, ya koma shuɗi a sa a zobe. Ya ce kada in ga wautar kawu, domin wani ƙaton dutse mai suna Braganza da gidan sarautar Fotugal suka riƙa a matsayin lu'ulu'u, masana na kyautata zaton tofaz ne.

Na tambaye shi ko za ta gyaru. Ya ce za ta yi kyau ƙwarai, sai dai tana son haƙuri, don in ta yi zafi a kan faifai ko ta sha bugu, nan take za ta rabe ta wannan tsagin. Kwana uku ya nema. Na nemi ya faɗi ladan dubawa, ya ƙi, ya ce in na dawo in riƙo masa ganyen shayi.

A tashar mota, cikin sanyin la'asar, na buga wa kawu waya na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, har na zaci layin ya yanke. Can ya ce baƙon ya yi alkawarin dawowa ran Juma'a da gwangwani na biyu, ya kuma tambaye ni ko dattijon zai yarda ya ara mini guntun yaƙutun nan zuwa ranar.