Gwiwar Magen Hajiya

Surukata tana da shagon hatsi a Magama Jibiya, dab da shingen kan iyaka, kuma magenta ce ke hana ɓeraye sakat. Ranar wata Lahadi, ana sauke waken da aka kawo daga Maraɗi, magen ta firgita ta diro daga saman buhuna. Ta miƙe tana ɗingishi, ƙafar baya a ɗage.

Ƴata mai shekara 7 ta rungumo ta tana kuka. "Umma, ba ke nas ba ce? Ki ba ta magani mana!"

Hajiya ta ce a kai ta wajen maɗori. Ni kuwa har na ɓallo farasitamol, sai na ce bari na fara kiran likitan dabbobi a Katsina. Allah Ya taimake ni. Ya ce ƙwaya 1 tana iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa maganin yadda tamu ke yi.

Washegari ya duba ta, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta tsinke. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi 2 da suka gitta juna, su ke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Irinsu ne ke tsinke wa ƴan ƙwallo. Ɗori ba ya haɗa su.

Ya ba mu zaɓi. Ko tiyata a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ake ɗaure gwiwar da zare mai ƙarfi ta gefen gaɓar har nama ya kama, ko a killace ta sati 6, tunda mage ba ta da nauyi kuma da yawa suna samun sauƙi haka. In ɗingishin bai daina ba, sai tiyatar.

Kuɗin makaranta na gabanmu, muka zaɓi killacewa. Kullum ƴata ke kai mata abinci a keji, tana ƙirga kwanaki a bango da gawayi. Yanzu magen ta koma shago, sai dai ba ta hawa can sama.

Ni da nake yi wa iyaye faɗa a asibiti kan ba yara magani da ka, ga shi na kusa aikatawa a gidana. Uwargida, kafin ki ɓallo ƙwaya, ko ta ɗanki ko ta dabbarki, ki tambayi mai sani.