Yadda initramfs ya kusa cinye min project

1/
Jama'a, saura kwana 4 in kai project, Ubuntu ta ƙi yin update. Wai /boot ya cika. Laifina ne, ni na yanka shi ɗan 300MB lokacin da nake ji da kaina 😅

2/
Na leƙa, ashe initramfs ne ya cinye wurin. Wani ƙunshi ne da kernel ke kwancewa a RAM kafin ya ga hadis, kamar guzurin matafiyi: direbobin da zai buɗe diski da su suna ciki.

3/
Na buɗe /etc/initramfs-tools/initramfs.conf. COMPRESS na mayar xz daga zstd. xz ya fi matsewa, sai dai ya fi jinkirin kwancewa. MODULES kuma na canza most zuwa dep, wato direbobin wannan kwamfutar kaɗai. update-initramfs -u, wuri ya samu. Har na yi wa abokai kuri.

4/
Washegari laptop ta mutu murus. Mai gyara a Kawo ya ce allon ciki ne. Na ciro hadis, na sa a ta yayana.

Baƙin allo. BusyBox. Ba ta ga diskin ba sam, direbanta na cikin waɗanda dep ya zubar. Wallahi gumi na yi.

5/
Filashi ya cece ni: na tashi daga shi, chroot, na mayar da most, na goge tsoffin kernel biyu da tun farko su ya kamata in goge.

xz ɗin dai na bar shi. Yaya har yanzu yana jiran laptop ɗinsa.