Jiran Mai Zanen Zabo a Kurmin Dlinza

Kalmar bazara ba ta zauna daram a gaɓar tekun KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu ba. A wurinmu zafi ke share wa ruwa fage. A can kuwa tare suke sauka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da hunturu ke busar mana da leɓe. A wannan zango ne shamuwar da ta gama ƙyanƙyasa a garuruwanmu take kiwo a filayen kudancin nahiyar, kuma a cikinsa ne tsuntsayen kurmi ke saƙa sheƙa. Saboda haka masu kallon tsuntsaye ke yin tururuwa zuwa ragowar kurmin da gonakin rake suka yi wa ƙawanya.

Na ce ragowa, domin abin da ya saura tsibirai ne. Dlinza, wanda ke cikin garin Eshowe, kusan kilomita 150 arewa da Darban, bai wuce hekta 250 ba. An gina masa gadar katako mai ratsa rassan itatuwa, da hasumiya mai tsayin mita 20, amma abin da ya kai ni yana ƙasa, cikin ruɓaɓɓen ganye.

Tsuntsuwa ce da masana ke kira Geokichla guttata. Da yake ba ta zuwa ƙasar Hausa, ni na raɗa mata suna a littafina: mai zanen zabo, ko da yake nata zanen a juye yake, ɗigo baƙi a kan farin ƙirji. Bayanta ruwan ƙasa ne, da layi biyu na fararen ɗigogi a fiffike, girmanta bai kai na kurciya ba. Tana cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu. Da damina take haihuwa a kurmi irin wannan, da sanyi ta gangara bakin teku. Abincinta tana da ƙwari, tana birkice ganye da baki, ta tsaya cak, ta sake birkicewa. In ta tsaya, ido ba ya raba ta da ƙasa; kunne ke gano ta.

Kwana uku na yi ina shiga da asuba. Gumi, sauro, laima mai jiƙa gilashin tabarau, da ƙafa mai sagewa don tsugunno. A rana ta biyu wani baƙo da ya zo da babbar kyamara ya ciro waya ya kunna kukan tsuntsuwar, yana maimaitawa. Ɗan rakiyarmu, Bazule mai ƙarancin magana, ya ɗaga masa hannu har ya kashe. Dalilin a fili yake: namijin da ya ji kukan kishiya a yankinsa zai bar abin da yake yi ya fito faɗa da wanda babu shi, alhali sheƙarsu ba ta da wuyar gani, kuma masu cin ƙwai ba su yi kaɗan a kurmin ba. In mutum ɗaya ya yi, wataƙila ba komai. Amma duk wanda ya zo Dlinza ita yake nema, kowa kuma da waya a aljihu. Ni a ganina hoton da aka samu ta wannan hanya farauta ce da aka sake wa suna. Maharbinmu da ke ɗaura kan burtu a goshi ya fi gaskiya, don shi bai taɓa cewa kallo ya fito ba.

Ƙarancin ma iri-iri ne. A Mtunzini, bakin teku, mutane na tsayawa ƙarƙashin tukurwa suna jiran ungulun kwakwa, tsuntsun da a kudancin Nijeriya ba wanda zai dakatar da mota dominsa. A kurmin Ongoye kuma akwai wani ɗan tsanwan tsuntsu mai cin ɓaure, mai kuka kamar ana ƙwanƙwasa itace, wanda a duk Afirka ta Kudu nan kaɗai yake. Na farko baƙo ne a gefen iyakarsa, na biyu ɗaurarre ne a tsibirinsa. Mai zanen zabo ta fi su tsaya mini a rai, domin tana buƙatar gida biyu, kuma gatari na cin kowannensu.

Da hantsin rana ta uku na ji ƙaras-ƙaras a hagun hanya. Ta fito daga bayan wata saiwa, taku kamar goma daga inda nake, bakinta cike da tana. Ba ta haɗiye ba, alamar akwai bakunan da ke jira. Ta dube ni da ido ɗaya, ta ƙara tsinto wata, sannan ta tashi ƙasa-ƙasa ta shige duhuwa. Ɗan rakiyar ya bi inda ta nufa da ido, ya juya mana baya, ya nuna wata hanyar daban da sandarsa.