Ni Da Hasken Leza

Abin da ya same ni a Manchester zan ba ku labari, ko Allah zai sa wata ta tsira da kuɗinta da fuskarta.

Tun ina sakandare nake fama da ƙurajen fuska. Sun lafa daga baya, amma sun bar mini baƙaƙen tabo a kumatu. Ana saura wata guda bikin yayata a Kano, na kwashe abin da na tara daga aikin ƙarshen mako na kai wani shagon gyaran fata, aka yi mini leza. Mai shagon ko tambayata ba ta yi ba ko na taɓa yin ƙuraje. Ta dai ce in riƙa lafta Vaseline safe da yamma.

Kwana biyar tsakani, ƙuraje suka feso mini har haɓa, wasu da farin kai. Na kasa shiga aji, sai da ƙawata ta ja ni wajen likita.

Na tambaye shi ko leza tana kawo ƙuraje. Ya ce ƙwarai kuwa, musamman ga wadda ta taɓa yin su. Zafin hasken yana fusata kafofin gashi, man shafawa mai kauri kuma ya zo ya toshe su, maiƙo ya taru a ciki. Ya hana ni wannan man, ya rubuta mini ƙwayar doxycycline, ya ja mini kunne kada in matse ko ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar launi. Ashe tun 1975 wani likitan Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da ma'aunin launin fata, wanda yanzu yake da aji 6, kuma yawancinmu muna aji na 5 ko na 6. Baƙar fata tana zuƙar hasken sosai, shi ya sa take saurin ƙonewa ta ƙara tabo. Don haka aka fi yi mana amfani da na'urar Nd:YAG, kuma sai an gwada a ɗan ƙaramin wuri tukuna. Ni ba a gwada ba, ban ma tambayi sunan na'urar ba.

Biki dai na je shi da hoda mai kauri. Gwaggo ta kama haɓata ta duba, ta ce, "'Yar nan, da dilka kika bari aka yi miki, ai da ba a kai ga haka ba."