Bargon ƙyalle a watan Disamba: na gida kafin na kasuwa

Ƙungiyoyi da dama sun aiko suna tambayar yadda muke ɗinka bargon ƙyalle, da yadda muke haɗa shi da hidimar gida a watan Disamba, watan da hannun mace ba ya hutawa. Ga yadda abin yake a wurinmu, kowace ƙungiya ta ɗauki abin da zai amfane ta.

Mu 25 ne, a wata unguwa ta Maraɗi. Tsarinmu irin na Mata Masu Dubara ne, wanda aka fara a nan jihar Maraɗi a 1991: zubi kowane mako, akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, bashi da ƴar riba, sannan rabo in lokaci ya zagayo. Huɗu daga cikinmu Kirista ne, sauranmu Musulmi. Rijiya ɗaya muke ɗiba, injin niƙa ɗaya muke zuwa, akwati ɗaya muke zuba wa kuɗi.

Abin da ya kai mu ga ƙyalle shi ne shara. Da an gama kaka, an sai da wake da gyaɗa da aya, sai bukukuwan aure su taso, ɗinkin Kirsimeti da na sabuwar shekara su biyo baya. Teloli ba sa barci. Kowace safiya yaran shago na share guntayen atamfa su zuba a bola ko su cinna musu wuta. A daidai lokacin ne kuma hunturu ke sauka, yara huɗu su dunƙule ƙarƙashin zane ɗaya, tari ya hana kowa runtsawa. Uwar da ba ta da bargo sai ta shigar da kaskon garwashi ɗaka ta rufe ƙofa. To, garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, tana sa ciwon kai da jiri, tana iya kashe mai barci. Ga kuma yaron da zai mirgina cikin dare ya faɗa wa wuta. Muka ce abin da ake ƙonawa a ƙofar tela shi ne abin da ɗiyanmu suka rasa a kan tabarma.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. Muna fara da tsince ƙyallayen: atamfa wuri ɗaya, shadda wuri ɗaya. Leshi da yadin roba mai santsi ba ma sa su, don suna miƙewa su karkatar da ɗinki, kuma in suka ji wuta narkewa suke yi su manne a jiki. Sai mu wanke komai tun kafin a yanka, saboda wata atamfar tana zuba, auduga kuma tana tsukewa a wankin farko. Ba ma awo da taƙi, don taƙin kowace mace daban ne. Kwalin sabulu muke yankawa mai kusurwa huɗu, santimita 15 kowane gefe, kowa ta ɗora shi ta yanka. Ɗinki yana cin santimita ɗaya a kowane gefe, saura 13. Bargon yaro yana ɗaukar guntu 88: jeri 11, kowane jeri guntu 8. Zane ɗaya daga cikin ukun da ke turmi ya ishe shi baya. A tsakiya muna shimfiɗa tsofaffin zannuwa biyu ko bargon da ya mutu. Sai a baje hawa ukun a kan tabarma, a kama su da manyan ɗinki, sannan a bi da ƙananan ɗinki layi-layi, tazarar yatsa uku. Daga tsakiya ake farawa a nufi baki, in ba haka ba ciki ya tattare ya yi ƙullutu. A ƙarshe a kalmashe bakin. Mace ɗaya sai ta yi mako tana fama, amma mu shida in muka kewaye tabarma, yamma biyu ta ishe mu.

Ba mu muka fara wannan dabara ba. A ajin yaƙi da jahilci malamarmu ta taɓa nuna mana hotunan bargunan wasu mata baƙar fata na wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, a jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Jikokin bayi ne, manoman auduga. Da tsofaffin wandunan aiki da buhuna suke ɗinka barguna, don gidajensu na katako ba sa tare sanyi. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar ɗinki ta haɗin gwiwa mai suna Freedom Quilting Bee, suka fara sayarwa. A 2002 aka baje bargunan Gee's Bend a wani babban gidan nuna kayan fasaha a birnin Houston, a 2006 kuma gidan wayar Amurka ya buga hotunansu a kan sarki. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, tun kafin wani ya zo da kuɗi, uwaye da kakanni sun daɗe suna rufe ƴaƴansu da waɗannan barguna.

A kan wannan ne muka yi gardama mafi zafi da muka taɓa yi. Mun ci bashi daga akwati don sayen zare, allurai da zannuwan baya, da ɗan abin da muke ba yaran teloli. Ma'ajiyarmu ta ce duk bargon da aka gama a kai shi kasuwa. Kuma tana da gaskiyarta. Ɗari gajere ne, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, in ya wuce ba mai taya bargo ko da rabin kuɗi. Ga barguna ƴan waje da na gwanjo sun cika kasuwa. Kuɗin akwati kuma na kowa ne, har da waɗanda ba su taɓa allura ba.

Tsohuwarmu, wadda duk muke ce wa Inna, ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Ke ɗiyata, jikokina uku da kasko suka kwana jiya. In ɗinka da hannuna in kai wa ɗan wani, nawa na tari?"

Ma'ajiya ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. In ranar biya ta zo akwati ba ya jin tari."

Inna ta ce, "Likita ma ba ya karɓar ƙyalle. Lissafa mini kuɗin magani ɗaya, ki gaya mini bargo nawa ne."

Aka yi shiru, don kowa ta san abin da ta kashe bara a kan tarin yara. Muka ɗauko alli muka yi lissafi a gaban kowa. Muka ga in an sai da biyu cikin kowane uku, bashi zai fita da ribarsa, har a samu ragowa. Sai muka kafa doka, magatakarda ta rubuta ta a littafi: bargo na farko na gida ne, biyu na biye na kasuwa. Wadda ta karɓi na gida za ta biya kuɗin zare da zanen baya kawai, kaɗan-kaɗan tare da zubinta.

Saura tambayar wa za a fara ba. Nan ne Kirsimeti, wadda wasu ke ce wa Nowel, ta shigo cikin maganar. Ƴan uwanmu huɗu, gidajensu cika suke yi a wannan mako. Ɗalibai na dawowa daga Yamai da Damagaram, masu biɗa na dawowa daga Najeriya, dangi na zuwa daga ƙauye da yara, kowa na neman wurin kwana da abin rufa. Su ne kuma ba su da lokacin zama kan tabarma: ga koyon waƙa da zumuntar mata a majami'a, ga kitson yara, ga zirga-zirga wurin tela, ga tanadin shinkafa da kaji. Babbarsu ta miƙe ta ce a cire su daga aikin bana, tunda ba za su iya ba da hannu daidai da kowa ba, kada su ci gumin wasu.

Wata daga cikinmu ta ce, "Haba Yaya, zauna. Goman ƙarshe na azumi wa ke kai mana niƙa? Ranar Layya wa ke riƙe mana yara muna suya?"

Maganar ta ƙare a nan. Muka tsara cewa daga ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, har a fita bikin, an ɗauke musu aikin allura, ba tara, ba ƙorafi, zubinsu dai su aiko. Bargunan gida na farko kuma a raba su tsakanin gidajen da ke da jarirai da gidajen da ke jiran baƙin Kirsimeti. In azumi ya zo, su za su riƙe ɗinkin da ya rage da zuwa wurin teloli. Ba wadda aka ce ta bar abin da ta yi imani da shi, ba wadda aka ja zuwa inda ba ta so. Ranar 25 ga wata kwanonin shinkafa suka shigo gidajenmu kamar yadda naman Layya ke shiga nasu.

Sai gida. Gaskiya ba kowane maigida ne ya yi murna da farko ba. Mace ta fita da azahar ta dawo magariba tuwo bai sauka ba, dole a yi magana. Shi ya sa muka ƙayyade lokaci: daga bayan azahar zuwa la'asar, kwana uku a mako, in an kira la'asar a naɗe tabarma ko da allura na tsakiyar layi. Yankan ƙyalle da haɗa jeri kowa a ɗakinta take yi da dare. Hutun makaranta ma ya taimaka. Samari ke zagaya shagunan teloli da buhu, ƴan mata ke yanka da kwali suna ƙirga guntaye, wanda hakan ma lissafi ne. A ƴan shekarun nan kokowar takobi ta ƙasa na faɗowa a ƙarshen Disamba, maza na manne da rediyo da talabijin, mu kuma mu samu sarari. Wani maigidan da ya fi kowa faɗa, da ya kwana biyu cikin bargon, shi ya kawo tsofaffin rigunansa da kansa ya ce a sa a ciki.

Akwai abin da ba mu zata ba. Da ya zama bargon na gida ne, sai mata suka fara buɗe akwatunansu. Wata ta kawo zanen mahaifiyarta da ta rasu, wanda ta kasa ɗaurawa ta kuma kasa bayarwa. Wata ta kawo guntun ankon bikin ƴarta da aka kai Tawa. Ɗaya daga cikin ƴan uwanmu Kirista ta haɗa ragowar kayan Kirsimetin yaranta na shekaru da dama, kowane yaro na nuna nasa da yatsa. Irin wannan bargo ba a kai shi kasuwa, ko nawa aka taya.

Na kasuwa kuwa, ga abin da muka lura. Ƙanana sun fi fita, na jarirai da na goyo, don uwa ta fi saurin cire kuɗi saboda jariri. Launi biyu ko uku da aka jera da tsari sun fi jan ido a kan wanda aka watsa komai da komai. In za ku sa kuɗi, ku lissafa zare da zane da sabulun wanki, ku kuma lissafa yammacin da kuka zauna, don shi ma kuɗi ne. Kada ku ba da bashin bargo, domin wanda bai biya yana jin sanyi ba, ba zai biya ana zafi ba. Mun mai da kuɗin akwati ranar da aka sa, ma'ajiya ta ƙirga a gaban kowa, ita ce ma ta fara guɗa.

Ƙungiyar da ke son gwadawa, kada ta jira Disamba. Ku fara tara ƙyalle tun ɗinkin Sallah, ku wanke ku adana a buhu inda gara ba za ta kai ba. Ku zauna tun kafin a yanka guntu na farko ku yanke shawarar nawa ne na gida, nawa ne na kasuwa, a rubuta. Ku duba a cikinku wa ke da biki, wa ke da jego, wa ke jinya, a ɗauke mata nauyi a lokacinta, ita ma za ta ɗauke muku a naku. Wadda ta samu bargo kuma, don Allah ta fitar da kaskon nan waje kafin a kwanta.

Ƴan uwanmu masu biki, barka da Kirsimeti. Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya, ya raba ɗiyanmu da tari, ya sa albarka a akwatunanmu.