Yadda Na Ga Ana Kama Ƙudan Zuma A Sulobeniya

Ɗan'uwa, da a ce bara ka miƙo mini taswira ka ce in nuna maka Sulobeniya, da sai na yi ta lalube. 'Yar ƙaramar ƙasa ce a Turai, mutanenta miliyan 2 da 'yan kai, ta raɓe tsakanin Italiya da Ostiriya da Hungari da Kuroshiya. Ka san ni da son kiwon zuma, shi ne ya ja ni can a ƙarshen watan Mayu, lokacin da ƙudan zumansu ke ƙaura.

Ta Santambul muka bi, na kwana a bencin filin jirgi, washegari muka sauka Lubliyana, babban birninsu. Su suna murna zafi ya shigo, ni kuwa ina neman rigar sanyi. Daga nan na hau bas zuwa arewa, wani gari da ake kira Radoblitsa, a gindin duwatsu masu ƙanƙara a ka. A hanya na yi ta ganin wasu ƙananan ɗakunan katako a bakin gonaki, gabansu shuɗi da ja da rawaya. Na ɗauka ɗakin tantabaru ne, ashe ɗakin zuma ne. Akwatuna ake jerawa a ciki, wani kan wani, ƙofar ƙudan tana waje, mai kiwon kuma ya shiga ɗakin ya buɗe ta baya, ya yi aikinsa ko da ana ruwa.

A Radoblitsa akwai gidan tarihi sukutum na kiwon zuma. Can na ga allunan da manoman zamanin da suke yi wa zane su liƙa a bakin akwati. Wasu na addininsu ne, wasu na barkwanci, har da wanda namun daji suka ɗauko gawar maharbi za su kai kushewa. Kusa da nan kuma ƙauyen Bareznitsa yake, inda aka haifi Anton Janša a 1734, wanda Sarauniya Mariya Tereza ta naɗa malamin kiwon zuma a Biyana, babban birnin Ostiriya. Don tunawa da shi ne, a 2017, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shawarar Sulobeniya, ta mai da 20 ga Mayu ranar ƙudan zuma ta duniya.

Mai masaukina dattijo ne, malamin makaranta da ya yi ritaya, kuma mai kiwon zuma. Muna cin abincin rana sai wayarsa ta yi ƙara: maƙwabciya ce, ƙudan zuma sun sauka a kan itacen tuffarta. Ya ajiye cokali ya ce in taso. Na tambaye shi ina wuta, ina hayaƙi? Ya yi dariya, ya ɗauko akwati mai raga, da gorar fesa ruwa, da malafa.

Da muka isa, ga su nan sun dunƙule a reshe, gungun ya kai girman tulu, suna hawa bayan juna, ƙugi na tashi a hankali. Yara suna tsaye kusa suna kallo, babu mai gudu. Ni dai na ja da baya, don na san halin ƙudanmu na gida. Dattijon ya ce idan akwati ya cika maƙil, tsohuwar sarauniya ce ke fita da kusan rabin jama'arta, ta bar wa sabuwa gida. Kafin su fito sai sun cika ciki da zuma, guzurin hanya ke nan. Ba su da 'ya'ya ko saƙar da za su kare, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Reshen zango ne kawai, 'yan leƙen asirinsu sun bazu neman kogo, in sun dawo su yi rawa a jikin gungun su nuna inda yake. In ka yi jinkiri, sai ka tarar sun tashi.

Ya fesa musu ruwa kaɗan don fikafikansu su yi nauyi, ya tara akwatin a ƙasa, ya kama reshen ya girgiza da ƙarfi sau ɗaya. Sai na ji tim! Gungun ya faɗa ciki. Ya rufe, ya bar 'yar kafa, ya ajiye a inuwa. Ya ce, “Matso ka gani.” Wasu ƙudan sun jeru a bakin kafar, sun ɗaga gindi sama suna kaɗa fikafikai, wani ƙamshi mai kama da na lemon tsami yana fita. Kira ne ga waɗanda suka rage a sama, kuma alama ce sarauniya tana ciki. Kafin magariba kusan duk sun shige.

A gida ya ɗora akwatin a sikeli, ya cire nauyin katako, ya ce kilo 2 ne, wato ƙuda wajen 20,000. Ya sa su a ɗakin ƙasa mai duhu da sanyi su kwana, don zuciyar tafiya ta kwanta. Da lokaci ya yi, ya juye su cikin sabon akwati mai firam da aka shimfiɗa wa faifan kaki, su ɗora gininsu a kai. Ya kuma ce dole ya yi musu maganin baroa, wata 'yar kaska da ta fito daga Asiya tana kashe ƙudan Turai, tun kafin su rufe ɗakunan 'ya'yansu ta samu maɓoya.

Da dare ya ce in ba shi labarin namu. Na ce mu amya muke saƙawa, mu shafe ta da kashin shanu, mu turara ta, mu rataye a ɗorawa ko tsamiya, mu jira Allah Ya kawo baƙi. Wannan ya burge shi. Amma da na kai ga yadda ake ɗiba da dare da wuta, ƙuda na ƙonewa, sai ya yi shiru yana kaɗa kai. Na ce kada ya ga laifinmu da yawa: nasa ƙudan, wanda ake kira ɗan Karniyola, sanyin hali gare shi, kuma shi kaɗai doka ta yarda a kiwata a ƙasar. Namu kuwa zai raka ka har gida. Zuma da zaƙi da harbi, mu muka san harbin.

Ƙudansu dai ba zai zama namu ba, amma ɗabi'arsu ba ta fi ƙarfinmu ba. Ran da gungu ya sauka a bishiyar gidanku, kada ka bari a kawo wuta ko maganin sauro. A janye yara da dabbobi, kada wanda ba shi da rigar kariya ya taɓa, a aika a kira mai amya. Abin da kuke shirin ƙonawa, shi a wurinsa jari ne.