Busa Ma Ilimi Ce

Kullum muna jin "kakakin majalisa" da "kakakin 'yan sanda" a rediyo, amma a cikinmu mutum nawa ne ya taɓa tambayar yadda ake busa ainihin kakakin da aka aro sunansa? Mu 'yan Tudun Wada ba mu da uzuri, domin da Sallah Ƙofar Doka kawai za mu shige mu ji shi a gaban tawagar Sarkin Zazzau.

Kakaki dogon bututun ƙarfe ne da ya fi mai busa shi tsawo, kuma ba shi da ramukan da ake toshewa da yatsa kamar algaita. Leɓe da numfashi ne ke fitar da amon, har ya kwaikwayi karin magana ya yi wa sarki kirari. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya shigo da shi fada. Tun daga lokacin uba ke koya wa ɗa, baki da baki.

Turawa ma suna da babban ƙahon tagulla mai suna tuba, wanda aka ƙera a Jamus a 1835. Shi ne ƙaton nan mai amo kamar rugugin hadari da ake gani a bayan 'yan badujala ranar fareti. Shi ma da karkarwar leɓe ake busa shi, sai dai yana da maɓallan sauya murya. Wani Ba'amurke, Arnold Jacobs, ya yi shekara 44 yana busa shi a babbar ƙungiyar makaɗan birnin Chicago, daga 1944 zuwa 1988, yana kuma koyarwa a Jami'ar Northwestern. Yana fama da ciwon asma, amma ya zauna ya nazarci yadda huhu ke aiki, har mabusa da mawaƙa suka riƙa zuwa wurinsa koyon numfashi.

Abin da ya sa na kawo wannan zance shi ne ƙanena. Yana aji biyu na babbar sakandare, yana busa bigila a faretin makarantarsu. Ranar da ya ce yana son ya karanci kiɗa, kawunmu ya dube shi ya ce, "Kai yaro, roƙo za ka jawo mana gida?" Tun ranar bai sake ɗaukar bigilar ba, kuma abin yana damuna.

Na fahimci tsoron Kawu, don a ƙasar Hausa mabushi da maroƙi layinsu ɗaya. Amma Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tana da sashen nazarin kiɗa tun 1961, kuma soja da 'yan sanda suna da mabusa masu albashi da muƙami. Ga kuma aikin da ke jiran wani: taken sarakunan da mabusan fada suka haddace, idan tsofaffin suka tafi ba a rubuta ba, da su zai tafi. A 1971 sai da Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Me zai hana na gaba ya fito daga hannun ɗan Zariya?

Ƙannena, duk mai wannan baiwa kada ya jefar da ita, kada kuma ya jefar da littafi. Ka riƙe Fiziks da Bayoloji, domin amo da numfashi a can bayaninsu yake. Sannan ka je fada ka gaishe da mabusa, ka tambaye su. Da tsohuwar zuma ake magani.